Maƙoƙo: gishiri ne maganinsa ko sai an yi gwajin jini?

Abu Sumayya:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayar da ta fi yawa a makon nan kan maƙoƙo ce. Wasu na cewa ƙarancin sinadarin aidin ne kawai, a sayi gishiri mai kyau a ci, kumburin zai sace. Wasu kuma sun ce duk mai maƙoƙo ƙarshensa tiyata. Likitoci da ma'aikatan asibitin da ke cikinmu, bismillah, a warware mana.

Dakta Abu Fadil:
Wa alaikumus salam. Malam, duka maganganun biyu akwai gyara. Maƙoƙo sunan kumburi ne, ba sunan cuta ɗaya ba. Abin da ke kumbura wata tsoka ce a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, ana kiranta tayirod. Ɓari biyu gare ta, dama da hagu, da 'yar gada a tsakani, nauyinta a jikin babba bai wuce giram 15 zuwa 25 ba. Tana tsotsar aidin daga jini ta haɗa sinadarai biyu, T4 da T3. Su ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci ya mai da shi ƙarfi da ɗumi. Ku ɗauke su kamar lagwanin risho. In an ɗaga ya yi yawa, wuta ta yi ta ci: zuciya na dukan uku-uku, gumi, rawar hannu, rama alhali ana cin abinci sosai, yawan fita bayan gida, rashin barci. In an sauke shi ƙasa, komai ya yi sanyi: kasala, jin sanyi ko a watan Afrilu, bushewar fata, taurin bayan gida, kumburin fuska, mantuwa, jinin al'ada mai yawa.

To ga inda matsalar take. Mutum uku za su zo da kumburi iri ɗaya a ido, ɗaya tayirod ɗinsa na aiki fiye da kima, ɗaya ta gaza, ɗaya kuma lafiya lau take aiki, girma kawai ta yi. Maganin na farko guba ne ga na biyu. Ido ba ya raba su, hannu ma ba ya raba su, sai jini.

Mai Lab Samaru:
Dakta ya buɗe min ƙofa. Gwajin farko sunansa TSH, kuma yana rikita mutane domin a juye ake karanta shi. TSH ba daga wuya yake fitowa ba, daga wata 'yar tsoka ce a ƙasan ƙwaƙwalwa, aikinsa shi ne tsawata wa tayirod ta yi aiki. Kamar mai shanun huɗa ne: in shanu sun yi nawa sai ya ɗaga murya, in suna gudu fiye da yadda yake so sai ya yi shiru. Saboda haka TSH mai yawa na nufin tayirod ta gaza, TSH da ya faɗi ƙasa na nufin ta yi yawa. A yawancin injuna daidai shi ne kimanin 0.4 zuwa 4.0, amma a duba ma'aunin da aka buga a gefen takardar, kowane lab da nasa.

Ba sai da azumi ake ɗibar jinin ba. Abu uku ke ɓata sakamako. Yin gwajin ana tsakiyar zazzaɓi mai zafi ko ana kwance a asibiti, gara a jira makonni shida bayan an warke. Sai ƙwayoyin gyaran gashi da farce masu sinadarin bayotin, waɗanda 'yan mata ke sha yanzu, suna iya sa sakamako ya fito kamar tayirod ta yi yawa alhali ƙalau take, a dakatar da su kwana 2 zuwa 3 kafin gwaji. Na uku, mai shan maganin tayirod ya bari a ɗebi jinin kafin ya haɗiyi ƙwayar ranar.

Anti Nas:
Malam, maganar kuɗi fa? Ana rubuta wa mutane gwaji uku a tare, TSH da T4 da T3, da yawa su ga kuɗin su ninke takardar su koma gida. Ni a ganina TSH kaɗai ya isa a fara da shi.

Mai Lab Samaru:
Ga mai kasala ko kumburi kawai, haka ne Anti. In TSH ya fito daidai an huta, in ya kauce sai a ƙara T4 a jinin da aka riga aka ɗiba. T3 ba ya taimakawa wajen gano gazawa, amfaninsa na wajen wanda ake zargin ta yi yawa.

Hajiya Ungozoma:
Ban yarda da TSH kaɗai ga kowa ba. Akwai matar da ta zubar da jini sosai wajen haihuwa, daga nan nono bai kawo ba, al'ada ba ta dawo ba ko bayan yaye, gashin hammata da na gaba ya zube, kullum jiri da kasala. Ita waccan tsokar ta ƙasan ƙwaƙwalwa ce ta lalace saboda rashin jini. TSH ɗinta zai iya fitowa daidai ko ƙasa kaɗan, a ce mata lafiyarki ƙalau, alhali T4 ya ƙare. Irin wannan ba baƙon abu ba ne a inda ake yawan haihuwa a gida.

Dakta Abu Fadil:
Allah ya saka da alheri Hajiya, kun faɗi gaskiya. In ƙara: irin wannan matar ba a fara mata maganin tayirod sai an duba sinadarin kotizol, wanda ke taimaka wa jiki riƙe ƙarfin jini, domin shi ma yakan yi ƙasa. In aka ɗaga lagwani babu kotizol, hawan jininta zai iya faɗuwa ta suma. Shi ake fara cikewa. Wannan aikin ƙwararru ne, a tura ta Asibitin Koyarwa na Shika da ke Zariya.

Abu Sumayya:
To mu dawo kan gishirin, domin nan ne gardamar take.

Famasis Kongo:
Gishiri rigakafi ne, kuma babba. Babban mutum na buƙatar maikirogiram 150 na aidin a rana (maikirogiram dubu ne miligiram ɗaya), mai ciki da mai shayarwa 250, yaro ƙasa da shekara 6 kuma 90. Mu nan nesa muke da teku, kifin teku ba cimarmu ba ne ta yau da kullum, shi ya sa aka bi ta gishiri. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci. Ƙa'idar ita ce miligiram 50 a kowane kilo a masana'anta, kada ya gaza 30 a hannun mai sayarwa. Ku yi lissafi: giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a kan 30, ya ba da 150 cif. Kenan ba a ce a ƙara gishiri a miya ba, masu hawan jini su ji da kyau. A ci kaɗan, amma mai aidin.

Inda ake asara shi ne ajiya. Gishirin da aka buɗe buhunsa a kasuwa ana aunawa da gwangwani, rana ta doke shi, damina ta jiƙa shi, aidin ɗinsa na raguwa, musamman mai manyan ƙwayoyi da ke jan danshi. A sayi na leda a rufe mai lambar NAFDAC, a juye a roba mai murfi, a ajiye nesa da murhu. Gishirin dabbobi da manda ba a dogara da su.

Anti Nas:
Kuma a daina zuba shi tun farkon girki. Miyar kuka ko taushe da za ta daɗe tana tafasa, a sa gishiri dab da saukewa.

Famasis Kongo:
Hakan ya fi, amma kada a tsorata mutane. Nau'in aidin da ake sa wa gishirinmu yana jure zafi daidai gwargwado, tafasa na rage wani kaso ne, ba duka ba. Danshin ajiya ya fi tukunya ɓarna.

Dakta Abu Fadil:
Sai dai a fahimci iyakar gishiri. Ƙaramin maƙoƙo mai laushi a wuyan budurwa ko mai ciki yana iya sacewa in aidin ya wadata. Wanda ya shekara goma ko ashirin, ya yi ƙulle-ƙulle, ba gishirin da zai narkar da shi. Abin da ya fi haka, in aka ɗura wa irin wannan aidin mai yawa lokaci guda, ƙullutan kan kama aiki ba linzami, dattijuwar da take zaune lafiya ta koma mai bugun zuciya. Don haka ruwan aidin na kemis da ake ɗigawa a kofi a sha, a bari. Na wanke ciwo kuwa ba na sha ba ne sam.

Sannan yau da yawan matsalar tayirod ba ta aidin ba ce. Garkuwar jiki ce ke juyowa kan tsokar. In ta rinƙa cinye ta a hankali, sai gazawa. In ta rinƙa zuga ta, sai yawan aiki, shi ne wanda ido ke firfitowa. Mata sun fi maza kamuwa ninki biyar ko fiye, kuma yana bin dangi.

Malam Abu Hanifa:
Ranka ya daɗe, an ce gero da rogo na kawo maƙoƙo. In haka ne ai duk Zazzau da mun gama.

Dakta Abu Fadil:
Akwai ƙamshin gaskiya, amma da sharaɗi. Rogo mai ɗaci da ba a jiƙa sosai ba yana sakin guba da jiki ke juyawa zuwa wani sinadari mai tare wa aidin hanya. Jiƙa shi kwana 3 zuwa 5 da shanya da soyawa na fitar da mafi yawanta. Gero ma an ga alaƙarsa da maƙoƙo a yammacin Sudan, a wuraren da shi ne kusan dukan abinci kuma aidin babu. Sharaɗin kenan: ƙarancin aidin. Mai cin gishiri mai kyau ya sha furarsa da kununsa, ya ci kabejinsa.

Famasis Kongo:
Awara ce ke da magana, ita ma ga masu shan magani kawai. Bari in yi bayanin maganin gazawa dalla-dalla domin nan aka fi kuskure. A kwalin za ku ga an rubuta Levothyroxine, mu ce tayiroksin. Yana zuwa 25, 50 da 100, kuma maikirogiram ne. Matashi mai lafiyar zuciya da tayirod ɗinsa ta daina aiki yakan buƙaci kimanin 1.6 a kowane kilo na nauyinsa, mai kilo 60 wajen 100 kenan. Tsoho ko mai ciwon zuciya da 25 ake fara masa, wani lokaci rabin haka, a rinƙa ƙarawa sannu a hankali, domin zuciyar da ta saba tafiyar hawainiya ba a sa ta gudu rana ɗaya.

Ana sha da ruwa zalla, ciki babu komai, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Bayan sallar asuba lokaci ne mai kyau. Shayi da madara, koko, kunun gyaɗa, awara da madarar waken suya duk suna rage shigarsa jini. Maganin ƙarin jini, ƙwayar kalsiyam da farin ruwan maganin olsa su ne suka fi riƙe shi, a ba su tazarar awa 4. Maganin na daɗewa a jiki, sai kusan mako guda rabinsa ke fita, shi ya sa ba a maimaita TSH sai bayan mako 6 zuwa 8 da farawa ko canja adadi. Wanda ya yi gwaji bayan kwana goma ya zubar da kuɗinsa. In an manta yau, a haɗa da na gobe. A ajiye a kwalinsa a wuri mai sanyi, ba a mota ko saman talabijin ba, zafin bazara na rage masa ƙarfi.

Babban kuskure kuma: jin sauƙi sai a daina. Ga mafi yawan mutane maganin na har abada ne, cike gurbi yake yi, ba warkar da tsokar ba.

Anti Nas:
Da azumi ni ina ba da shawarar a sha lokacin kwanciya. Tashi awa guda kafin sahur yana yi wa mutane wuya.

Famasis Kongo:
Na dare yana aiki in an yi awa 3 da cin abinci na ƙarshe. To wa ke cika wannan a Ramadan? An dawo asham an sake zama kan tuwo. Gara ko dai a sha da ruwa da zarar an kira magariba, a tafi salla, a jinkirta abinci minti 30, ko a ajiye ƙwayar da ruwa kusa da gado a sha da farkawa kafin a ɗora sahur. Kowa ya zaɓi wanda zai iya riƙewa kwana talatin, a duba TSH makonni shida bayan salla.

Hajiya Ungozoma:
Masu ciki su saurara. Mai shan tayiroksin da ta tabbatar ta samu ciki ba ta daina magani, ƙari ma take buƙata, kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Hanya mai sauƙi ita ce ƙarin ƙwaya biyu a mako, sannan ta ga likita a makon. A watannin farko ɗan tayi bai da tayirod mai aiki, da sinadarin uwa ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Ana duba TSH duk wata har tsakiyar ciki. Kuma ga maganin ƙarin jini da muke bayarwa a awo, shi a mai da shi bayan azahar ko dare. Matar da ke yawan ɓari, ko al'adarta ta rikice, ko ta daɗe ba ta samu ciki ba, a sa TSH cikin gwaje-gwajenta.

Jarirai ma ana haifar wasu da gazawar, kimanin ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000. Alamun: shawara da ta wuce mako biyu ba ta tafi ba, yawan barci har sai an tashe shi shan nono, kuka da dusasshiyar murya, harshe babba, cibiya a bulluƙe, maɗiga mai faɗi, taurin kashi. Irin yaron da ake yabo wai ba shi da rigima. In aka fara magani cikin mako biyun farko yakan tashi da basirarsa, in aka kai watanni abin da ƙwaƙwalwa ta rasa ba ya dawowa. Ana murƙushe ƙwayar a ɗan nonon uwa a ba shi da cokali.

Malam Abu Hanifa:
Wanda tayirod ɗinsa ta yi yawan aiki fa? Mun ga ana kai su wajen ruƙiyya saboda firgita da rashin barci da faɗa.

Dakta Abu Fadil:
Addu'a ba ta hana gwaji. A ƙirga bugun zuciyarsa yana zaune, in ya haura 100 a minti, tafin hannu da ɗumi da gumi, a miƙa hannu a ɗora takarda a ga tana karkarwa, yana ci yana ramewa, a yi TSH da T4. Rama kuma a haɗa da gwajin suga da tarin fuka da ƙanjamau, kada a tsaya kan abu ɗaya.

Maganin shi ne kabimazol, a kwali Carbimazole. Yawanci ana farawa da miligiram 20 zuwa 40 a rana, a rinƙa saukewa zuwa 5 zuwa 15, a yi wata 12 zuwa 18. Sai an yi mako 3 zuwa 6 ake jin canji, don haka ake haɗawa da furofanolol ya kwantar da zuciya da rawar jiki, amma ban da mai asma. A watannin farko da T4 ake bibiya, TSH na daɗewa a ƙasa ko an samu sauƙi. Kusan rabin mutane ciwon na dawowa bayan an daina, daga nan sai a yi maganar tiyata ko aidin mai tururin nukiliya, wanda ba a ba mai ciki ko mai shayarwa, kuma a jinkirta ɗaukar ciki wata 6 bayansa.

Gargaɗin da nake so kowa ya haddace: mai shan kabimazol in ya yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, ya dakatar da maganin, ya je a ƙirga fararen ƙwayoyin jininsa a ranar. Maganin kan share su ga mutum ƙalilan, ƙasa da ɗaya cikin ɗari, galibi a wata ukun farko. A garin da duk zazzaɓi maleriya ce ko taifot, kwana uku na allurar kemis sun isa a rasa mutum.

Hajiya Ungozoma:
Wata ukun farkon ciki kuma wani magani mai suna PTU ake komawa, domin kabimazol na iya taɓa halittar ɗan tayi. Mai shan sa ta faɗa wa likita tun tana shirin ɗaukar ciki. Ga mai jego da ke bugun zuciya a yi hattara. Akwai kumburin tayirod na bayan haihuwa, ya fara da yawa, ya koma gazawa, yawanci ya warware cikin shekara, shi kabimazol ba ya masa aiki. Akwai kuma ciwon zuciyar masu jego, wanda likitoci suka yi rubutu a kansa daga nan Zariya tun shekarun 1970, suna danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. In ƙafa ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matashi, zuciya za a fara dubawa.

Abu Sumayya:
Saura tiyata. Yaushe ta zama dole?

Dakta Abu Fadil:
In kumburin na danne maƙogwaro, numfashi na ƙara ko abinci na tsayawa. In ya gangara bayan ƙashin ƙirji. In magani ya gaza. Ko in ana zargin daji. Alamun zargi: ƙulli ɗaya mai tauri kamar dutse, girma da sauri cikin makonni, dusashewar murya da ta ƙi tafiya, kaluluwa a gefen wuya, ko ƙulli a wuyan yaro. Ana yin hoton sikanin, sannan a tsotsi ɗan abin ciki da siririyar allura a duba. Kusan tara cikin goma ba daji ba ne, kuma yawancin dajin tayirod na jin magani in an zo da wuri. A gida za a iya tsayawa gaban madubi a kurɓi ruwa: kumburin tayirod na hawa sama in an haɗiya, kaluluwa ba ta motsi.

Sakiya da tsaga da ƙaho a wuya, don Allah a bari. Tsokar cike take da jijiyoyin jini, kuma tabon na wahalar da likitan tiyata daga baya.

Anti Nas:
Ba a shiga tiyata sai T4 ya sauko daidai, in ba haka ba jiki kan ɗau zafi zuciya ta rikice a kan teburi. Bayan an fito, masu jinya su sa ido kan abu uku. Wuya ya kumbura numfashi ya yi wuya a awa 24 na farko, a kira ma'aikaci nan take, jini ne ke taruwa. Jin tsira-tsira a leɓe da yatsu ko hannu ya ƙage a kwana 1 zuwa 3, kalsiyam ne ya faɗi domin an taɓa wasu 'yan tsokoki huɗu da ke manne a bayan tayirod. Sai murya, in ba ta dawo ba bayan makonni a koma. Wanda aka cire wa duka zai sha tayiroksin iya rayuwarsa.

Maman Ilham:
Dakta, ana tallar tayiroksin a wasu zaurukan mata wai maganin rage ƙiba ne.

Dakta Abu Fadil:
Kada ki bari kowa ya sha, Maman Ilham. Gazawar tayirod kan ƙara kilo 2 zuwa 5 ne kawai, mafi yawansa ruwa da gishiri. Mai lafiyar tayirod in ta sha, tsoka za ta zube kafin kitse, ƙashi ya yi rauni, zuciya ta kama bugun da ba tsari wanda ke iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ko wadda TSH ɗinta ya ɗan hau, tsakanin 4 da 10, T4 kuma daidai, ba a gaggauta ba ta magani. A maimaita bayan wata 2 zuwa 3, da yawa yana komawa da kansa. Ana fara magani in ya wuce 10, ko tana da ciki, ko tana neman ciki.

Mai Lab Samaru:
In za a maimaita, a koma lab ɗin da aka yi na farko, a zo da tsohuwar takardar, a rubuta adadin maganin da ake sha a bayanta da ranar da aka fara.